Kafin a Wanke Allo: Wa Ke Sauraron Karatun 'Yan Firamare?

 Yau zancen makarantar firamare za mu yi, wadda ke bayan gidanku ko gefen kasuwarku, wadda kuke jin hayaniyar yaranta da safe da kuma lokacin tara. Duk ƙarshen shekarar karatu, makarantu da yawa kan shirya bikin rabon kyaututtuka da yaye 'yan aji shida. A kafa rumfa, a jera kujerun haya, mai unguwa ya zo, kansila ya zo, wani lokaci har sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya leƙo. A kira na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, a miƙa musu littattafan rubutu da biro, a yaba wa waɗanda suka ciyo wa makaranta gasar kacici-kacici ko muhawara ko musabaƙa, mata su rangaɗa guɗa. Babu laifi a cikin wannan, yaron da ya yi ƙoƙari ya cancanci a tafa masa. Sai dai a ajin da ke da yara 80, uku aka kira, kuma da sunan ukun nan ake cewa makaranta ta yi nasara. Ra'ayin da zan kare a yau shi ne, ba a sanin nasarar firamare sai an duba yaron da ke tsakiyar aji, wanda ba haziƙi ba ne kuma ba daƙiƙi ba, a ga ko ya iya karatu kafin ya bar aji uku. Kuma babu wanda ya fi mutanen unguwa damar duba wannan, domin a gabansu abin yake faruwa kullum.

Bari mu fara da girman matsalar, don kada a ɗauka ƙorafi ne kawai. A shekarar 2022 Bankin Duniya da hukumomin UNICEF da UNESCO sun ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki, kimanin kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da yake nufi. A Afirka kudu da Sahara adadin ya kusa kashi 90. A Nijeriya, binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya samu cewa cikin yara masu shekara 7 zuwa 14, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da ƙwarewar karatu ta matakin farko, haka ma a lissafi. Wani zai ce ai wannan ya haɗa da waɗanda ba sa zuwa makaranta, kuma gaskiya ne ya haɗa da su. To amma gwajin karatun da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a farkon shekarun 2010, a cikin makarantu aka yi shi, ga yara masu kayan makaranta a jikinsu, kuma mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku da aka gwada ba su iya karanta ko kalma ɗaya daga ɗan labarin da aka ba su ba. Da Hausa aka rubuta labarin, harshen da suke mafarki da shi. Yawancin makarantun nan suna da na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji, kamar kowace makaranta.

Yaya aka yi abu mai girma haka ya ɓoyu? Ya ɓoyu ne saboda abin da muka saba ƙirgawa. Lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, babban aikin shi ne a tara yara a aji, kuma sun taru fiye da yadda aka yi tsammani, har aka rasa malaman da za su ishe su. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a Sakkwato a 1999, aka kafa masa doka a 2004, nan ma abin da ya fi saurin bayyana a rahoto shi ne yawan sunaye a rajista, da yawan ajujuwan da aka gina, da yawan bencinan da aka raba. Duk waɗannan ana ganinsu da ido, ana iya ɗaukar hotonsu. Karatu kuwa sai an zauna da yaro an saurare shi. Katin sakamakon da ake kawowa gida ma ba ya taimakawa sosai, domin matsayi yake nunawa, wato wa ya fi wa. Yaro na iya zuwa na biyar a ajin da babu mai iya karatu a cikinsa, uba ya ji daɗi ya saya masa sabon takalmi. Jarrabawar kanta sau da yawa malami ne ke karanta tambayar da baki, yara su zaɓi amsa daga abin da suka haddace ta amshi. Sannan a ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba, domin ga sababbi can suna jiran benci. Da haka ake yi wa rogo kallon kitse har shekara shida ta cika.

Dalilin da ya sa na kafe a kan aji uku shi ne, daga nan manhaja take sauya hali. A shekarun farko yaro karatu yake koyo. Daga aji huɗu kuwa ana ɗauka ya riga ya iya, sai a fara loda masa kimiyya da ilimin zamantakewa da lissafin da ke zuwa cikin jimloli, dukansu ta hanyar rubutu. Malami yana da tsarin aikin zango da aka ba shi, shi mai duba makarantu zai tambaya, saboda haka dole ya bi shi, kuma a zahiri da yara goma na bencin gaba yake tafiya. Na baya sun koyi wata dabara mai ban tausayi, su kwafe duk abin da ke kan allo tsaf da kyakkyawan rubutu, ba tare da sun san me suka rubuta ba. Duk shekarar da ta wuce tazarar ƙaruwa take yi. Daga ƙarshe uban da ya haƙura da taimakon ɗansa a gona na shekara biyar ya miƙa masa takardar asibiti ya karanta masa, yaro ya yi shiru, uban ya yanke wa boko hukunci, kuma hukuncin ya shafi ƙannen yaron. Abin da ya fi ciwo shi ne rubutun Hausa ba shi da wuyar koyo. Wasula biyar ne, kuma galibi yadda aka rubuta haka ake furtawa. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna cewa yaran da harshensu ke da irin wannan rubutu mai bin lafazi, kamar Italiyanci da harshen Finland, suna iya haɗa baƙi tun a shekarar farko, alhali masu koyon Ingilishi kan ɗauki fiye da ninkin wannan lokaci. Ke nan ɗan Bahaushen da ya shekara uku a aji bai iya haɗa baƙi da wasali a harshensa ba, ba kansa ne ya yi tauri ba. Ko dai ba a koya masa ba, ko kuma ba ya nan lokacin da aka koyar.

Abin mamaki, al'ummar nan tamu ta san yadda ake bin diddigin karatun yaro tun kafin Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909. Ku dubi makarantar allo. Babu mai tambayar almajiri na nawa ya zo. Tambayar ita ce ina ka kai, kuma amsar tana da ma'ana ga kowa, har ga tsohuwar da ba ta taɓa riƙe allo ba: yana babbaƙu, ya shiga farfaru, ya fara haɗa baƙi, ya kai Sabbi, ya yi izu biyar. Malam ba ya barin a wanke allo sai yaro ya biya ya iya, kuma yara biyu da suka shiga rana ɗaya na iya rabuwa, kowa ya tafi da ƙarfinsa, babu wanda ake turawa gaba don shekara ta zagayo. Uba ya dawo daga masallaci ya ce ɗauko allonka ka biya mini, uwa ta aika da kuɗin Laraba, idan aka kai wani mataki a yi sadaka, idan aka sauke a yi walima. Makarantar allo tana da nata matsalolin, musamman inda aka haɗa ta da bara da raba ƙananan yara da iyayensu, kuma ba yau ne ranar wannan zance ba. Abin lura shi ne mutanen da ke bin karatun allo dalla-dalla su ne dai ke miƙa yaro ga firamare su juya baya, kamar an ce musu wannan karatun ba a sauraronsa. Makarantar gwamnati ce, in ji su, kuma kowa ya san yadda ake riƙe kayan gwamnati.

Alhali rabin abin da ke hana yaro karatu a wajen katangar makaranta yake. Mu ɗan yi lissafi. Kwana biyar ake zuwa makaranta a mako. Yaron da ke fashi duk ranar kasuwar garinsu ya rasa kwana ɗaya cikin biyar, wato a shekara shida ya zubar da fiye da shekara guda cur. A ƙara da makon farko da na biyu na kowane zango, waɗanda a wurare da yawa shara da cirar ciyawa da jiran sauran yara ke cinye su. A ƙara da lokacin shuka da noman fari da kaka, da ranakun biki da suna, da zazzaɓin damina. Sai yarinyar da ke zuwa ƙarfe tara saboda sai ta sayar da koko da ƙosai, ko ta yi layin famfo, alhali darussan karatu da lissafi galibi da safe ake sa su, lokacin da kai yake sabo. A rajista duk waɗannan ɗalibai ne cikakku. Jami'in hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, da ke zuwa sau ɗaya a zango ba zai ga wannan ba, amma mai shayin da ke ƙofar makaranta ya san wanda ke makara, ya san malamin da ke sa hannu ya hau babur ya koma, ya san ranar da aka tashi yara tun kafin azahar ba dalili. Labarin yana nan a bakin kowa a unguwa, abin da babu shi ne wurin da ake kai shi ya zama aiki. Wani lokacin ma maganin ƙarami ne ƙwarai. A yammacin Kenya, binciken da Michael Kremer da Edward Miguel suka wallafa a 2004 ya nuna cewa ba 'yan firamare maganin tsutsar ciki ya rage fashin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Na san akwai mai sauraro da ransa ya fara ɓaci, yana cewa wannan ai ɗauke wa gwamnati nauyi ne a ɗora wa talaka. Maganarsa tana da tushe. Dokar 2004 ta wajabta wa gwamnati ba kowane yaro ilimi kyauta na shekara tara, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya don hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, kuma shekara da shekaru ana jin yadda biliyoyin naira ke kwance a can saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35, ga shi akwai ajujuwan da suka haura 100. Babu aikin gayyar da zai biya albashi ko ya ɗauki malamai, kuma ba na kiran kowa ya yafe wa hukuma wannan bashi. Amma a duba yadda ake karɓar bashin. Garin da ya je wurin shugaban ƙaramar hukuma yana cewa makarantarmu ta lalace, za a ba shi haƙuri, in an yi sa'a a zo a shafa fenti kafin zaɓe. Garin da ya je da takarda yana cewa mun gwada 'yan aji uku su kaza, kaza ne kawai suka karanta, malamai kaza aka rubuta mana amma kaza ke zuwa, wannan ya zo da maganar da ke da wuyar kaucewa. Ɗan siyasa abin da jama'a ke tambaya yake kawowa. Muddin gini muke tambaya, gini za a yi ta kawo mana, tun da shi ne ma ke da kwangila a ciki.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi wannan ƙarfi, kuma daga masana yake fitowa. Suna cewa an daɗe da gwada shigar da al'umma harkar makaranta, ba a ga wani abin kirki ba. A Nijeriya tun wajajen 2006 aka amince a kafa kwamitin kula da makaranta, wato SBMC, a kowace firamare, shirin ESSPIN na Birtaniya kuma ya horar da su a jihohi shida, ciki har da Kano da Kaduna da Jigawa. A Jamhuriyar Nijar akwai takwaransa da ake kira COGES. An yi gwaji mai kyau a can, a jihohin Tawa da Damagaram, inda aka ba kwamitocin makarantu 500 tallafin kuɗi, aka bar wasu 500 don a kwatanta. Iyaye sun ƙara shiga harkar makaranta, an yi gyare-gyare, ƙananan yara sun ƙaru a aji, amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, fashin malamai ma ɗan ƙaruwa ya yi. A Indiya, a gundumar Jaunpur ta jihar Uttar Pradesh, Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu sun tarar da irin wannan. Yawancin mutanen ƙauyukan ba su san akwai kwamitin ilimi ba, wasu 'yan kwamitin ma ba su san suna ciki ba, abin da ba zai ba mutumin ƙasar nan mamaki ba. Aka yi ta tarukan wayar da kai, amma makarantu ba su sauya ba. Duk wanda zai yi kira ga al'umma dole ya tsaya ya amsa wannan.

Amsar tana cikin binciken guda. A Jaunpur ɗin, abu ɗaya ne ya yi aiki: inda aka koya wa matasan ƙauye masu sa kai yadda ake gwada karatun yaro da yadda ake koyar da shi, suka buɗe ajin yamma, yaran da suka halarta sun samu ci gaba a zahiri. A Nijar ma, wani gwaji da aka yi daga baya ƙarƙashin shirin da hukumar JICA ta Japan ke tallafa wa ya nuna cewa kuɗi kaɗai bai ƙara komai ba, amma inda aka haɗa kuɗin da horo, aka gwada yara aka bayyana wa taron gari sakamakon, mutane da kansu suka shirya darussan ƙari bayan an tashi da kuma karatun dare, sakamakon lissafi da Faransanci ya tashi. Bambancin a bayyane yake. Kwamitin da bai san halin karatun yara ba, idan ka ba shi kuɗi katanga zai yi, domin ita yake gani ta rushe. Daga irin wannan darasi ne ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da tsarin raba yara gwargwadon abin da suka iya, ba gwargwadon ajinsu ba, a ba su sa'a ɗaya ko biyu kullum a kan karatu da lissafi. Tsarin ya iso mana. An gwada shi a Borno, sannan a 2019 aka fara shi a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa na jihar Kano. Ga kuma littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA a Katsina da Zamfara, duk na koyar da karatu da Hausa. Wanda ya san makarantar allo, idan aka bayyana masa tsarin nan, zai ce ai wannan namu ne.

To idan iyayen ba su yi boko ba fa? Wannan ma tambaya ce ta gaskiya, amma ta fi tsoratarwa daga nesa. Gwajin da ake magana takarda ɗaya ce tak. A sama baƙaƙe, ƙasa da su kalmomi, sai jimloli huɗu, sai ɗan labari. Yaro ya karanta inda ya iya, a san matakinsa, minti biyar ya isa. Babu unguwar da za a rasa ɗan sakandare, ko malamin Islamiyya, ko ma'aikacin da ya yi ritaya, ko matar aure mai karanta littattafan Hausa, wanda zai iya riƙe wannan takarda. Ita kuwa uwar da ba ta san baƙi ko ɗaya ba, kunnenta ya isa. Idan aka ba yaro rubutun Hausa wanda bai taɓa gani ba, ta san bambancin mai karantawa da mai in'ina da mai ƙirƙira daga kansa, kuma tana iya tambayarsa me labarin ya ce. Sharaɗin kawai kada a ba shi littafin ajinsu, don ya haddace shi. Ba yau mata suka fara ɗaukar irin wannan aiki a ƙasar Hausa ba. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara jagororin mata da ake kira jaji da 'yan taru suna kai ilimi ga matan ƙauyuka har cikin gidajensu. Ƙungiyoyin iyaye mata da aka kafa a makarantu ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF suna bin gida-gida don mayar da yara aji, kuma ƙara musu takardar gwaji ba zai gagare su ba.

Maganar talauci ita ce mafi nauyi, kuma ba zan yi kamar ina da maganinta ba. Uwar da ke ɗora wa 'yarta talla ba ƙiyayyar ilimi take yi ba. Daga farantin nan cefane ke fitowa, daga shi ake tara kayan ɗaki. Wa'azin da ya ce ta ajiye farantin bai faɗa mata me za a ci ba, ba zai wuce ƙofar zaure ba. Abin da gari ke iya yi shi ne ya daidaita lokaci. Ana iya yarjejeniya a gaban mai unguwa da liman cewa babu talla daga safe har a tashi daga makaranta, tallan yamma kuwa a bar shi. Inda ranar kasuwa ke kwashe rabin makaranta, hedimasta da kwamiti na iya neman izinin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma a sauya jadawalin ranar, ko a rama darasin karatu a wani lokaci. Sannan a tuna cewa talaka ya fi kowa lissafi. Ciyarwar makaranta da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 ga 'yan aji ɗaya zuwa uku ta cika ajujuwa, amma an sha ganin yara na watsewa da zarar an gama rabon abinci, domin abincin ne kaɗai ribar da ake gani. Ranar da yarinya 'yar aji biyu ta karanta wa mahaifiyarta saƙon da aka turo mata a waya, ko ta duba mata ranar da aka rubuta a katin awo, lissafin gidan ya sauya, don makaranta ta fara biyan kuɗin tallan da aka rasa.

Wasu iyayen za su ce su Turanci suke so, da shi ake jarrabawa, da shi ake samun aiki. Burinsu daidai ne, hanyar ce abin dubawa. Haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro ke ji, domin yana gama furta kalma ya san ko ya faɗi daidai. Wanda ya iya da Hausa, idan ya koma Turanci kalmomi ne suka rage masa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon firamare ana ba su Turanci a matsayin darasi, ya nuna ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin. Manufar gwamnati kan wannan ta sha juyawa, daga ta 1977 mai cewa a fara da harshen gida, zuwa ta 2022 da ta miƙa shi har aji shida, zuwa soke wannan a 2025. Duk yadda aka juya a Abuja, Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma babu dokar da ta hana gari ya tabbatar 'ya'yansa sun iya karanta ta. Su kuwa haziƙan da ake ba kyauta, babu abin da za su rasa. A ci gaba da karrama su, a tura su jarrabawar shiga makarantun haɗaka da na kimiyya. Malami ya fi samun sararin jan haziƙi gaba a ajin da kowa ke karanta umarni da kansa.

Saura malamai, kuma a nan ne abin ke iya lalacewa idan aka yi gaggawa. Da yawansu suna ɗari-ɗari da duk wani gwaji, ba kuma banza ba. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce fiye da 21,000 sun faɗi, ta sallame su. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya bar tsoro a zukata har a wajen jihar. Idan kwamiti ya shigo makaranta da fuskar ɗan sanda, za a rufe masa ƙofa, ko a ɓoye raunanan yara ranar gwaji, kuma gwajin Tawa da Damagaram ya riga ya nuna cewa tsoma bakin iyaye ba dole ne ya ƙara wa malami himma ba. Saboda haka tare da hedimasta ake farawa, malaman ne ke riƙe takardar, iyaye na zaune suna ji. Ba a kiran sunan yaro a taro a kunyata shi, adadi ake faɗa: a aji uku, kaza na matakin baƙi, kaza na kalma, kaza na labari. A yi a farkon zango, a maimaita a ƙarshensa. Malamin aji ɗaya da na aji biyu, ajujuwan da galibi ake ba wa wanda aka raina ko sabon ɗauka, su ya kamata gari ya fi girmamawa, ya nemi a ba ajujuwan nan mafi ƙwarewar malaman makaranta. Idan malami ya karɓi yara 60 ba mai haɗa baƙi, ya miƙa 40 suna karanta jimla, ya yi aikin da ya fi ciyo kofi wuya, kuma ya dace a ce liman ya ambace shi ranar Juma'a, masu hali su tuna da shi da kaka.

Yaran da suka riga suka kai aji huɗu da biyar da shida ba su iya ba, su ma ba a makara ba, kuma sun fi ƙanana saurin kamawa. A ware musu sa'a guda kullum, ko da safe kafin a shiga darasi ko bayan la'asar inda bai ci karo da Islamiyya ba, a zaunar da su rukuni-rukuni bisa matakinsu, ɗan aji shida da ɗan aji huɗu a tabarma ɗaya in matakinsu ɗaya ne. Kayan aikin ba su wuce alli, da katunan baƙaƙe da aka yanka daga kwali, da 'yan littattafan labarai na Hausa ba, kuɗinsu bai kai na hayar rumfa da kujeru ba. Wanda ya fara karanta labari ya gane, a sallame shi, a ba na bayansa wuri. Kwamitin makarantarku yana da shugaba, kuma hedimasta ne sakatarensa, ku tambaye su yaushe ne zama na gaba, ku nemi a sa gwajin 'yan aji uku a kan gaba.